Kamfani ya ba ni Copilot, nawa na kaina ya mutu: zan iya riƙe biyun?

Wani ɗan'uwa mai rubuta manhaja ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya kusa shekara biyu yana biyan Copilot Pro, wato mataimakin rubuta kod mai ƙirƙirarriyar basira (AI) na kamfanin GitHub, daga aljihunsa, sai Allah ya ba shi aiki da wani kamfani na ƙasar waje da yake yi wa aiki daga gida. Ranar da suka saka shi cikin ƙungiyarsu ta GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod, suka ba shi kujerar Copilot Business, wato lasisin da kamfani yake biya wa ma'aikacinsa, sai rajistarsa ta kansa ta mutu, samfurin AI da ya saba aiki da shi ya ɓace daga jerin waɗanda Copilot ke ba shi zaɓi, kuma ko da dare yana kan aikinsa na ƙashin kansa haka abin yake. Yana so ya sani: matsala ce daga GitHub? Zai iya riƙe lasisi biyu? In ba zai yiwu ba, akwai laifi ya sake sayen nasa ya riƙa yi wa kamfani aiki da shi, tunda nasa ya fi masa daɗin aiki?

Ɗan'uwa, babu abin da ya lalace. Haka GitHub ya tsara abin da gangan, kuma ya rubuta shi ƙarara a ƙa'idojinsa: duk mai Copilot Pro ko Pro+ da aka ba shi kujera a ƙarƙashin Business ko Enterprise, rajistarsa ta kansa za ta soke da kanta, a mayar masa da ragowar kuɗin kwanakin da bai ci ba, daga nan ya ci gaba da aiki bisa sharuɗɗan kamfaninsa. Ka fara da duba katin da ka biya da shi, domin can ragowar kuɗin za ta koma. Da yawa daga cikinmu katin dala na manhajar waya muke biya da shi, irin wanda ake buɗewa a rufe bayan wata biyu. In ka riga ka rufe naka, ka tuntuɓi masu katin da wuri, musamman in na shekara ka biya.

Abin da ya kamata ka riƙe a zuciyarka shi ne, lasisin yana manne da asusunka ne, ba da rumbun kod ɗin da ka buɗe ba. Idan ka buɗe VS Code, wato editan da ake rubuta kod a ciki, yana shiga da sunanka, ya nemi izini daga GitHub, shi kuma ya duba wane tsari wannan asusu yake kai, ya aiko da izinin haɗe da sharuɗɗan wannan tsari. Ba ruwansa da ko ƙarfe goma na safe ne kana aikin ofis, ko sha ɗaya na dare kana gina manhajar lissafin shagon ƙanenka. Asusu ɗaya ne, don haka tsari ɗaya zai hau kansa, kuma na kamfani ne ke rinjaye. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya.

Shi ya sa samfurinka ya ɓace. A tsarin mutum ɗaya, kai ne mai kunnawa da kashewa. A tsarin Business kuwa, mai kula da asusun kamfani ne yake zaɓar samfuran da za a gani, shi yake buɗe sabbin abubuwan da ke matakin gwaji, shi yake yanke hukunci a kan ko za a toshe shawarar da ta yi kama da kod ɗin da ke fili a GitHub. Abin da bai kunna ba, ba za ka gan shi ba. Sau da yawa ma ba hana ku aka yi ba, kawai babu wanda ya shiga shafin ya danna. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne masu Pro+. A lissafin 2025, Pro+ na dala 39 a wata yana ba mutum manyan buƙatu (tambayoyin da ake tura wa manyan samfura) 1,500, Business na dala 19 kuwa 300 yake bayarwa, daidai da Pro na dala 10. To ka ga mutumin da ya saba da 1,500 ya wayi gari da 300, kuma an ce masa kyauta aka yi masa. Ba na ganin laifin duk wanda ransa ya ɓaci a kan wannan, domin an ɗauke masa abin da ya saya da kuɗinsa ba tare da an tambaye shi ba.

Yanzu ga ɓangaren tambayarka da ya fi damu na, wato sake sayen naka ka riƙa shigar da kod ɗin kamfani a cikinsa. Kada ka yi, sai da izini a rubuce. Na san yadda tunanin yake zuwa: ai kuɗina ne, kuma aikinsu nake hanzartawa, wa aka cuta? Amma abin da kamfani yake saya da ƙarin kuɗin nan ba saurin rubutu ba ne. Yarjejeniya yake saya. A tsarin Business, GitHub ya ɗauki alkawarin ba zai horar da samfuransa da bayanan kamfanin ba, kuma akwai takardar kare bayanai tsakaninsu. A tsarin mutum ɗaya, wannan magana tana rataye ne a kan wani ɗan maɓalli a cikin saitinka, kuma sharuɗɗan irin wannan tsari suna iya canzawa da sanarwa guda a imel ɗin da ba ka ma karanta ba. Misali na kusa: a ƙarshen Agustan 2025 Anthropic, kamfanin da ya yi mataimakin AI mai suna Claude, ya sauya sharuɗɗan masu Claude Free, Pro da Max, ya ce kowa ya zaɓa ko a yi amfani da hirarsa wajen horo, kuma wanda ya yarda za a riƙe bayanansa har shekara biyar maimakon kwana 30. Hakan ya haɗa da aikin Claude Code, mataimakinsu na rubuta kod, da aka yi da waɗannan asusai. Masu tsarin kasuwanci da masu API (hanyar da manhaja ke haɗuwa da samfurin kai tsaye) abin bai shafe su ba. ChatGPT ma haka yake tun da daɗewa: asusun mutum ɗaya ana horo da shi sai in ka kashe, na kamfani kuwa ba a yi. Duk kamfanin da ya rattaba hannu da abokan cinikinsa cewa ya san inda kod ɗinsu yake zuwa, to asusunka na kanka ƙofa ce da bai san da ita ba.

Akwai kuma batun kariya daga ƙara. A Nuwamban 2022 aka shigar da ƙara a Kalifoniya a kan GitHub da Microsoft da OpenAI, ana zargin Copilot yana fitar da kod ɗin mutane ba tare da kiyaye lasisin da suka ɗora masa ba. Bayan hankalin kamfanoni ya tashi, a Satumban 2023 Microsoft, mai kamfanin GitHub, ya sanar cewa zai tsaya wa abokan cinikinsa na kasuwanci idan aka kai su kotu kan abin da Copilot ya fitar, da sharaɗin sun bar matattarar kariya a kunne. Wannan matattara ita ce take gwada shawarar da aka ba ka, tare da abin da ke kewaye da ita kimanin haruffa 150, da kod ɗin da ke fili, in sun dace ta toshe. Wannan alkawari bai sauko kan mai Pro ba. Kod ɗin da ka rubuta da lasisinka ka zuba a manhajar kamfani, ya shiga ba tare da wannan inuwa ba, kuma babu wanda zai iya ware shi daga sauran bayan wata shida.

Sai na uku, wanda masu rubuta kod ba su cika lura da shi ba. Mai kula da asusun kamfani yana iya ware wasu fayiloli ya ce Copilot kada ya karanta su: inda mabuɗan sirri suke, ko wani sashe da abokin ciniki ya ce kada ya fita. Wannan shinge yana aiki ne a kan masu kujerar kamfani. In ka kwafo rumbun ka buɗe shi da wani asusu na daban mai lasisin kansa, shingen bai san da kai ba.

Na ga wannan da idona a wani wuri da na taɓa riƙe asusun tawagar masu manhaja. Muna da wani yaro mai ƙwazo, wanda ba na shakkar amanarsa ko kaɗan. Wata Alhamis da daddare biyan kuɗi ya tsaya wa wani abokin cinikinmu, kowa yana kiran waya. Mataimakin da muka ba su a hukumance ya kasa gano bakin zaren, sai ya buɗe nasa na kansa a burauza, ya kwafi fayil ɗin rahoton kurakurai sukutum ya liƙa. Cikin minti ashirin ya gano matsalar, kuma gyaransa daidai ne. Sai dai a cikin layukan da ya liƙa akwai lambobin wayar mutane da wani mabuɗin shiga na ainihi. Shi da bakinsa ya faɗa mana washegari yana murnar yadda ya warware abin, sai ya ga fuskar shugabar sashen tsaro ta canza. Mun kwana biyu muna canza mabuɗai, sannan muka rubuta wa abokin cinikin bayani, domin yarjejeniyarmu ta wajabta. Ranar da na ga yaron nan zaune shiru a bakin matakala, raina ya ɓaci da kaina ma, domin samfurin da ya je nema a waje yana cikin tsarinmu, ni ne ban kunna ba. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 2023 injiniyoyin Samsung sun liƙa kod na cikin gida a ChatGPT, abin da ya sa kamfanin ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki a watan Mayun shekarar. In kuma bayanan mutanen Najeriya ne a ciki, ka tuna akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma ba ta ware wanda ya yi da kyakkyawar niyya ba.

Ka kuma sani cewa wasu kamfanoni ba sa barin abin a hannun amana. Copilot yana bi ta adireshi daban-daban gwargwadon tsarin mutum, na mutum ɗaya daban, na Business daban, na Enterprise daban. Don haka masu kula da sadarwar kamfani suna iya toshe adireshin tsarin mutum ɗaya a katangar tsaronsu. In wata rana ka ga naka na kanka yana aiki lafiya a kan datar wayarka amma yana mutuwa da zarar ka kunna VPN na ofis, kada ka ɓata lokaci kana sake girka edita. Toshewa aka yi, kuma ƙoƙarin zagaye ta shi kansa laifi ne a mafi yawan takardun aiki.

Ɗaya gefen kuma, wanda kai kake ciki yanzu ba tare da ka zaɓa ba, shi ne gina naka da lasisin kamfani. Mutane suna ɗaukar wannan da sauƙi, ni kuwa ina ganin a nan ne kai kanka ka fi shiga haɗari. Ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka nemi sakin layin da ke magana a kan mallakar abin da ka ƙirƙira. Kusan duk kamfanonin manhaja suna da shi, kuma yawanci yana cewa abin da ka yi a lokacin aiki, ko da kayan aikin kamfani, nasu ne. A Kalifoniya, sashe na 2870 na dokar ƙwadago yana kare abin da ma'aikaci ya ƙirƙira, amma da sharaɗin ya yi shi gaba ɗaya a lokacinsa, bai taɓa na'ura ko kayan aiki ko sirrin kasuwancin mai gidansa ba, kuma abin bai shafi harkar kamfanin ba. A Ingila, dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta ba mai ɗaukar aiki abin da ma'aikaci ya rubuta a cikin aikinsa, sai in an yi wata yarjejeniya daban. A Najeriya, dokar 2022 tana farawa ne da bai wa marubuci haƙƙin, amma ta bar ƙofa ga abin da aka rattaba wa hannu. Ko'ina ka juya dai takardar ce ke magana, kuma wadda ka sa wa hannu da kamfanin waje mai yiwuwa ta ambaci dokar ƙasarsu. To kujerar da kamfani yake biya dala 19 duk wata, wane lauya ne zai kasa kiranta kayan aikin kamfani? Muddin manhajarka ba ta kawo kuɗi, babu mai waiwayarta. Ranar da wani mai zuba jari ya zo yana tambayar wa ya mallaki kod ɗin, ranar za ka so a ce ba ka taɓa haɗa su ba. In aikin naka yana da alamar zama sana'a, kuɗin da za ka ba lauya ya karanta maka wannan sakin layi ba asara ba ne.

Mutane kan tambaye ni ko shugabansu yana ganin abin da suke rubutawa. Abin da mai kula da asusu yake gani a shafinsa shi ne wanda ke da kujera, yaushe ya yi amfani da ita a ƙarshe, a wane edita, da kuma yawan buƙatun da ya ci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ana ƙona kason kamfani ranar Lahadi da tsakar dare. In kuma laftof ɗin nasu ne, ka ɗauka komai a buɗe yake.

Mafita ita ce raba asusu, kuma ba ta da wuya. Ka buɗe sabon asusun GitHub da imel ɗin aiki, ka roƙi mai kula da ƙungiyar ya cire tsohon asusunka ya saka sabon, ya mayar da kujerar can. Da kujerar ta sauka daga kan asusunka na asali, sai ka sake sayen Pro ɗinka, domin ba ya dawowa da kansa. Wani lokaci cirewar ba ta kama aiki sai ƙarshen zagayen biyan kamfanin, don haka in ka ga an ƙi sayar maka a ranar, ka ɗan jira. Ƙa'idar GitHub ta ce mutum ɗaya kada ya riƙe asusun kyauta fiye da ɗaya, saboda haka asusun aikin ya zama wanda kamfani yake biya wa kujera, kada ka mai da shi hanyar cin Copilot Free sau biyu. Manyan kamfanoni da yawa sun huce wa ma'aikatansu wannan wahala, suna buɗe musu asusun da kamfani ya mallaka, irin wanda za ka ga sunanka da ɗan layi a ƙasa sannan gajeren sunan kamfanin. Irin wannan asusu ba ya iya zuba kod a rumbunan da ke fili, kuma yana mutuwa ranar da ka bar aiki. Ga mai irinsa, wannan rikici ba ya tasowa sam.

Bayan raba asusu sai raba kwamfuta, in da hali. In ɗaya gare ka, kamar yawancinmu, to ka yi furofayil biyu a VS Code, na aiki da na gida, ka canza musu launi yadda ido zai gane tun daga nesa. Ni na aiki shuɗi nake sa masa, na gida kore. Tun ƙarshen 2024 editan yana yarda ka shiga da asusun GitHub fiye da ɗaya, ka kuma zaɓi wanda Copilot zai yi amfani da shi. Ka riƙa leƙa alamar asusu da ke kusurwar hagu ta ƙasa kafin ka fara, domin a nan ake yin kuskure. A Git kuma, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ka tara ayyukan ofis a jaka ɗaya, ka yi amfani da includeIf a fayil ɗin saitinka domin duk abin da ke cikin wannan jaka ya ɗauki imel ɗin aiki da kansa. Wannan dabara tana nan tun 2017 amma mutane kaɗan ne suke amfani da ita. Ka yi mabuɗin SSH biyu, wato mabuɗin da kwamfutarka ke shiga GitHub da shi, kowane asusu da nasa. In kana aiki da gh, manhajar GitHub ta tagar umarni, gh auth switch yana juya ka daga wannan zuwa wancan.

In kana haɗawa da wasu mataimakan, kowanne da nasa tarkon. Claude Code, in ya tarar da mabuɗin API a saitin kwamfutarka, yana iya bin mabuɗin ya bar rajistarka ta wata. Ma'ana, mai mabuɗin kamfani a ajiye zai iya gina aikinsa na gida a kan kuɗinsu bai sani ba, mai mabuɗin kansa kuma ya tarar an caje shi kuɗin aikin ofis. Umarnin /status yana nuna maka da wanne kake ciki. A ChatGPT kuwa, lokacin da aka gayyace ka cikin tsarin kamfani ana iya ba ka zaɓin haɗe tsohon asusunka da nasu. Kada ka danna da gaggawa, domin tsoffin hirarrakinka za su koma ƙarƙashinsu kuma ba a warware haɗin.

Game da samfurin da ka rasa, kafin ka nemi wata hanya ka nema a buɗe. Rubuta wa shugabanka gajeren saƙo: ga samfurin da nake buƙata, ga irin aikin da ya fi yi mini da kyau, ga misali guda daga aikin makon jiya, kuma yana cikin tsarin da kuke biya, kunnawa kawai ya rage. Daga abin da na gani, irin wannan roƙo yakan samu karɓuwa, domin mai kula da asusun shi ma ya fi son ku zauna a cikin shinge da ku riƙa tsallakawa. In kason wata ne yake ƙare maka, kamfani yana iya ware kuɗin ƙarin buƙatu ko ya ɗaga ka zuwa Enterprise. In kuma ƙaramin kamfani ne da ya ce ba ya damuwa ka yi aiki da naka, madalla, amma ka sa su faɗa a imel, ka kashe maɓallin horo a saitinka, ka kunna toshe kod mai kama da na fili, ka ajiye imel ɗin a inda ba zai ɓace da asusun aiki ba.

In ka zaɓi ka zauna da asusu ɗaya duk da haka, saboda kana son tarihin aikinka ya taru wuri guda, to ka shirya wa ranar rabuwa. Kujerar za ta tafi, Copilot zai tsaya, sai ka sake saye da kanka. Kafin su rufe maka imel ɗin aiki, ka tabbata imel ɗinka na kanka ne babba a asusun, kuma lambobin ceto na shiga mataki biyu suna hannunka, ba a laftof ɗin da za ka mayar ba. Sannan ka goge imel ɗin kamfanin daga saitinka, ka sake saka shi ba tare da tabbatarwa ba. Da haka ayyukan da ka yi da wannan imel za su ci gaba da bayyana da sunanka, kuma ko an ba wani wannan adireshi daga baya, ba zai iya amfani da shi ya karɓe maka asusu ba.